Rage Tallafin Jama'a da Sauya Haraji a Birtaniya, 2010 zuwa 2020

Rage tallafin jama'a da sauya haraji a Birtaniya jerin matakai ne da gwamnatocin ƙasar suka ɗauka tsakanin 2010 da 2020, zamanin da aka fi sani da shekarun tsuke bakin aljihu. A gefe guda an zaftare kuɗaɗen da hukuma ke bai wa marasa aikin yi, naƙasassu da iyalai masu ƙaramin ƙarfi. A ɗaya gefen an sassauta harajin albashi, an rage harajin kamfanoni, an ƙara harajin sayen kaya, sannan aka ɗaga mafi ƙarancin albashi. Gwamnati ta ce matakan sun daidaita juna, kuma kowa ya ɗauki rabonsa na nauyin. Masu suka sun ce gidan da aka karɓe wa daban, gidan da aka bai wa daban. Wannan saɓani ya sa lamarin ya zama misalin da masana tattalin arziƙi ke yawan kawowa idan ana maganar adalci a kasafin kuɗi.

Asali

Tsarin tallafin Birtaniya na zamani ya samo tushe daga rahoton William Beveridge na 1942, wanda ya tanadi kuɗin fansho, na rashin lafiya da na rashin aiki. Da farko an gina shi ne a kan tunanin cewa mai aiki zai iya riƙe gidansa, wanda ya rasa aiki ne kawai ke buƙatar hannun hukuma. Da albashin ƙananan ayyuka ya daina isar iyali, gwamnatin jam'iyyar Leba, ƙarƙashin ministan kuɗi Gordon Brown, ta faɗaɗa tallafin da ake bai wa ma'aikata. A 2003 ta kafa nau'i biyu: na ma'aikaci mai ƙaramin albashi da na 'ya'ya. Duk da cewa sunansu na Turanci ya danganta su da haraji, a zahiri kuɗi ne da hukuma ke sakawa a asusun iyali a matsayin cikon albashi.

Rikicin bankuna na 2008 ya girgiza baitulmalin ƙasar. A shekarar kuɗi ta 2009 zuwa 2010 giɓin kasafi ya haura fam biliyan 150, kusan kashi 10 cikin 100 na arziƙin da ƙasar ke samarwa a shekara. A watan Mayun 2010 aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau da jam'iyyar Liberal Democrat. David Cameron ya zama firaminista, George Osborne ministan kuɗi, Iain Duncan Smith ministan ƙwadago da fansho. Sun yanke shawarar cewa kusan kashi huɗu bisa biyar na cike giɓin zai fito ne daga rage kashe kuɗi, sauran daga ƙarin haraji. Daga wannan rabon ne yawancin abin da ya biyo baya ya samo asali, domin masu ƙaramin ƙarfi sun fi kowa dogaro da abin da hukuma ke kashewa.

Matakan haraji

Mataki na farko da ya taɓa kowane gida shi ne ƙarin harajin sayen kaya na VAT, daga kashi 17.5 zuwa kashi 20 cikin 100, wanda ya soma aiki ranar 4 ga Janairun 2011. Yawancin kayan abinci da tufafin yara ba sa cikinsa, amma duk da haka talaka, wanda ke kashe kusan duk abin da ya samu, ya fi jin sa a aljihu idan aka auna da kuɗin shigarsa.

Na biyu shi ne ɗaga adadin albashin da ba a cire wa haraji. A 2010 fam 6,475 ne a shekara. Ya kai fam 10,000 a 2014, sannan fam 12,500 a 2019. Wannan shi ne matakin da gwamnati ta fi alfahari da shi, domin ya fitar da miliyoyin ƙananan ma'aikata daga biyan harajin albashi baki ɗaya.

Na uku ya shafi masu hannu da shuni. A watan Afrilun 2013 aka rage harajin da ake ɗora wa kuɗin shigar da ya haura fam 150,000 daga kashi 50 zuwa kashi 45. Harajin ribar kamfanoni ya sauko daga kashi 28 a 2010 zuwa kashi 19 a 2017. Sai dai an kuma taɓa masu samu da yawa ta wata fuska: daga Janairun 2013, gidan da wani a cikinsa ke samun sama da fam 50,000 ya fara rasa kuɗin yara da ake bai wa kowane iyali, wanda ya kai fam 60,000 kuwa ya rasa shi gaba ɗaya.

Matakan tallafi

Dokar gyaran tallafi ta 2012 ce ginshiƙin sauye-sauyen. Ta haɗe nau'o'in tallafi shida wuri guda ƙarƙashin sunan Universal Credit, aka fara gwada shi a watan Afrilun 2013 a garin Ashton-under-Lyne kusa da Manchester. Ana biyan sa wata-wata kamar albashi, kuma sabon mai nema yakan jira makonni shida kafin kuɗin farko su shigo, daga baya aka mayar da jiran makonni biyar. Ga gidan da ba shi da ajiya, wannan jira na nufin bashin haya tun kafin a fara.

A 2013 aka sanya iyaka ga jimillar abin da iyali marasa aiki za su iya karɓa, fam 26,000 a shekara. A Nuwamban 2016 aka sauko da ita zuwa fam 23,000 a Landan da fam 20,000 a sauran sassan ƙasar. A shekarar 2013 ɗin ne kuma aka fara rage tallafin haya ga masu zama a gidajen hukuma idan aka ga ɗakunansu sun fi yawan mutanen gidan: kashi 14 cikin 100 kan ɗaki ɗaya, kashi 25 kan ɗakuna biyu ko fiye. Jama'a suka laƙaba masa suna harajin ɗakin kwana. Ƙiyasin gwamnati kanta ya nuna zai shafi gidaje kimanin 660,000, kusan kashi biyu bisa uku daga cikinsu akwai naƙasasshe. Manufar ita ce a sa mutane su koma ƙananan gidaje, amma a garuruwa da dama, musamman a arewacin Ingila, babu isassun gidaje masu ɗaki ɗaya da za a koma.

Matakin da ya fi tara wa baitulmali kuɗi kuwa shi ne wanda ya fi yin shiru. Daga 2013, tsawon shekara uku, ƙarin da ake yi wa tallafin masu shekarun aiki bai wuce kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Daga Afrilun 2016 zuwa 2020 aka daskarar da shi, ba a ƙara ko kwabo ba. Ba a aika wa kowa takardar ragi ba, hauhawar farashi ce ta riƙa cin kuɗin a hankali. 'Yan fansho ba su shiga wannan ba. An yi musu alƙawarin cewa kowace shekara fanshonsu zai ƙaru da wanda ya fi girma cikin abubuwa uku: hauhawar farashi, ƙaruwar albashi, ko kashi 2.5 cikin 100. Alhali fansho ne ke lashe kaso mafi girma na kuɗin tallafi, yayin da alawus ɗin masu neman aiki bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Taƙaddamar 2015

Bayan jam'iyyar Conservative ta ci zaɓen 2015 ita kaɗai, Osborne ya gabatar da kasafi ranar 8 ga Yuli da nufin rage fam biliyan 12 daga kuɗin tallafi. Babban abin da ke ciki shi ne cikon albashin ma'aikata. A da ana fara janye shi ne idan kuɗin shigar gida ya haura fam 6,420, kuma ana cire kwabo 41 daga kowane fam ɗaya, mai kwabo ɗari, da aka samu sama da haka. Sabon tsarin ya sauko da matakin zuwa fam 3,850, ya ɗaga cirewar zuwa kwabo 48. An yi hasashen zai tara fam biliyan 4.4, kuma zai shafi iyalai kusan miliyan uku, kowanne da asarar sama da fam 1,000 a shekara a matsakaici. A rana guda ministan ya sanar da sabon mafi ƙarancin albashi ga masu shekara 25 zuwa sama, fam 7.20 a awa daga Afrilun 2016, maimakon fam 6.70. Ya ce burinsa ƙasa mai babban albashi, ƙaramin haraji da ƙaramin tallafi.

Lissafin gida ɗaya ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. A ɗauki uwa mai renon 'ya'ya biyu ita kaɗai, tana aikin shara ko kula da tsofaffi awa 35 a mako kan mafi ƙarancin albashi. Ƙarin kwabo 50 a awa zai ɗaga albashinta daga fam 12,194 zuwa fam 13,104 a shekara, wato ribar fam 910. Harajin albashi da kuɗin inshorar ƙasa za su ɗauke kimanin fam 210 daga ciki, ko da an saka sassaucin harajin wannan shekarar a lissafi. Cikon albashinta kuwa zai ragu da kimanin fam 2,075. Idan aka haɗa, ta yi asarar kusan fam 1,375 a shekarar da aka ce an yi mata ƙarin albashi. Haka kuma, duk fam ɗaya da ta samu ta hanyar ƙara awa a wurin aiki, kwabo 20 na haraji ne, 12 na inshora, 48 na janye tallafi, 20 kacal ke isa gida. Wannan rabo ya zarce wanda ake cire wa attajiri mafi samu a ƙasar.

Cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta IFS, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta bayyana cewa a lissafe ba zai yiwu ƙarin albashin ya cike asarar ba. Dalilanta biyu ne. Jimillar ƙarin albashin ba ta kai jimillar ragin ba. Sannan da yawa daga masu karɓar mafi ƙarancin albashi matasa ne marasa 'ya'ya ko matan mazajen da ke samu da kyau, su kuma masu cikon albashi galibi iyaye ne da albashinsu ya ɗan ɗara mafi ƙaranci.

Ranar 26 ga Oktoban 2015 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar jinkirta matakin, abin da ba kasafai take yi kan harkar kuɗi ba. Wasu 'yan majalisar jam'iyya mai mulki ma sun nuna rashin jin daɗinsu. Ranar 25 ga Nuwamba Osborne ya janye ragin. Sai dai makamancinsa ya ci gaba da zama a cikin Universal Credit, wanda iyalan za su koma a kai daga baya. A watan Maris na 2016 Iain Duncan Smith ya ajiye muƙaminsa, yana mai cewa ba zai iya kare rage kuɗin naƙasassu a cikin kasafin da ya sassauta wa masu samu da yawa ba.

Iyakar 'ya'ya biyu

Daga kasafin 2015 ne kuma aka samu dokar da ta fi daɗewa ana jayayya a kanta. Duk yaron da aka haifa daga 6 ga Afrilun 2017, idan shi ne na uku ko sama da haka, iyayensa ba za su karɓi kason tallafinsa ba, wanda a lokacin ya kai fam 2,780 a shekara. An keɓe tagwaye, 'ya'yan riƙo, da yaron da aka samu cikinsa ta hanyar fyaɗe, amma a wannan na ƙarshe sai uwar ta bayyana abin da ya same ta ga wani jami'i ko ma'aikacin lafiya, sharaɗin da ya jawo kakkausar suka.

Hujjar gwamnati ita ce mai albashi ba a ƙara masa kuɗi don ya haihu, don haka mai karɓar tallafi ma ya yi lissafi irin nasa. Masu suka sun amsa cewa kusan kashi 60 cikin 100 na gidajen da dokar ta shafa akwai mai aiki a ciki, kuma mutum kan haifi 'ya'yansa yana cikin wadata, daga baya mutuwa, saki ko rufe masana'anta su jefa shi cikin buƙata. Dokar ta fi taɓa al'ummomi masu yawan haihuwa, kamar 'yan asalin Pakistan da Bangladesh da Yahudawa masu riƙo da addini, kuma a 2018 shugabannin addinin Kirista, Musulunci da Yahudanci sun haɗu sun nemi a soke ta. Zuwa 2024 yara kimanin miliyan 1.6 ne ke zaune a gidajen da ta shafa.

Ma'aunan adalci

Ɓangarorin biyu duk da sunan adalci suka yi magana, amma mudun da kowanne ke awo da shi daban ne.

Mudun gwamnati shi ne kwatanta mai aiki da mara aiki. A jawabinsa na taron jam'iyya a 2012, Osborne ya kawo misalin ma'aikacin da ke fita da duku-duku, ya ɗaga kai ya ga labulen maƙwabcinsa a rufe, yana barci a kan kuɗin hukuma. Daga nan jaridu da 'yan siyasa suka riƙa raba jama'a gida biyu, masu fafutuka da 'yan cima-zaune. An kuma ɗauko adadin fam 26,000 ne daga matsakaicin abin da gidan ma'aikaci ke samu, don kada zaman gida ya fi fita aiki riba. Ga wannan akwai ƙarin hujjoji biyu: cewa barin bashi ga 'yan baya shi ma zalunci ne, da cewa kashi 1 cikin 100 na mafiya samu su ke biyan sama da kashi ɗaya bisa huɗu na dukkan harajin albashi.

Mudun masu suka shi ne wa ya rasa nawa daga abin da yake da shi. A ganinsu fam ɗari a hannun mai share ofis ba ɗaya yake da fam ɗari a hannun mai ofishin ba. Sun kuma ce rabon jama'a gida biyu bai dace da zahiri ba. Gidauniyar Joseph Rowntree ta nuna a 2013 cewa fiye da rabin mutanen da ke cikin talauci a ƙasar suna zaune ne a gidajen da ake da mai aiki. Ke nan mai fita da duku-dukun shi kansa mai karɓar tallafi ne, kuma ragin ya same shi.

A ƙarƙashin saɓanin akwai wani bambanci na tsari. Haraji mutum ɗaya yake kallo da albashinsa, tallafi kuwa gida yake kallo da bakunan da ke cikinsa. Idan aka ɗaga adadin da ba a cire wa haraji, wanda albashinsa bai ma kai tsohon adadin ba bai samu komai ba, miji da mata masu aiki biyu sun samu sau biyu, mai 'ya'ya huɗu da gwauro sun samu daidai wa daida. Shi ya sa mafi yawan kuɗin wannan sassauci suka tafi ga gidajen da ke tsakiya da sama, yayin da ragin tallafi ya sauka a ƙasa, inda yara suka fi yawa.

Abin da bincike ya nuna

A 2018 Hukumar Daidaito da Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Birtaniya ta tattara tasirin dukkan matakan haraji da tallafi tun daga 2010. Ta gano cewa gidajen da ke cikin kashi ɗaya bisa biyar na ƙasa za su rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsu, masu renon 'ya'ya su kaɗai kuma kusan kashi ɗaya bisa biyar. Gidajen naƙasassu da masu 'ya'ya uku zuwa sama su ma suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa nauyi. A ƙarshen wannan shekarar jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsanancin talauci, Philip Alston, ya zagaya ƙasar, ya ce mutum miliyan 14 ke cikin talauci, ya kuma ɗora alhakin a kan zaɓin siyasa. Gwamnati ta yi watsi da rahotonsa.

Ƙungiyar Trussell, mai kula da rumbunan rabon abinci kyauta, ta raba ƙunshin abinci kimanin 61,000 a shekarar 2010 zuwa 2011. A shekarar 2019 zuwa 2020 adadin ya kai miliyan 1.9. Ministoci sun ce yawan buɗe rumbunan ne ya ƙara adadin, ƙungiyar kuwa ta ce jinkiri da ragin tallafi na cikin manyan dalilan da ke kawo mutane ƙofarta.

A ɗaya hannun, giɓin kasafi ya sauko zuwa kusan kashi 2 cikin 100 kafin ƙarshen shekarun, yawan masu aiki ya kai kashi 76 cikin 100 a 2019, mafi yawa tun da aka fara ajiye irin wannan ƙididdiga, kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi bai haifar da korar ma'aikatan da wasu suka ji tsoro ba. Masana na ci gaba da saɓani kan ko ragin tallafi ne ya kawo yawan aikin.

Hukuncin kotu

Kotuna sun taɓa gefen matakan, ba su rushe ginshiƙinsu ba. A Nuwamban 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa harajin ɗakin kwana ya nuna wariya ga wata mata da lalurarta ta hana ta kwana ɗaki ɗaya da mijinta, da kuma kakannin da ke renon jika naƙasasshe mai buƙatar mai jinya da dare, amma ta kori sauran ƙararrakin. A Yulin 2021 ta tabbatar da halaccin iyakar 'ya'ya biyu. Ta amince cewa dokar ta fi shafar mata, amma ta ce auna adalci tsakanin mai biyan haraji da mai karɓar tallafi hurumin majalisa ne.

Bayan 2020

Annobar korona ta sa aka ƙara fam 20 a mako kan Universal Credit daga bazarar 2020, aka janye shi a Oktoban 2021. A madadinsa aka rage abin da tsarin Universal Credit ke cirewa daga kowane fam na albashi daga kwabo 63 zuwa 55, gyaran da ya amfani masu aiki kaɗai. Gwamnatin yankin Sikotland ta bi wata hanya: tana biya wa mazauna yankin ragin ɗakin kwana, kuma a 2021 ta kafa nata kuɗin yara na fam 10 a mako, wanda ya kai fam 25 a ƙarshen 2022.

Adadin albashin da ba a cire wa haraji ya tsaya a fam 12,570 tun 2021, don haka hauhawar farashi ta riƙa mayar da ƙananan ma'aikata cikin harajin da aka fitar da su a baya. Gwamnatin Leba da ta hau a Yulin 2024 ta fara da riƙe iyakar 'ya'ya biyu, har ta dakatar da 'yan majalisarta bakwai da suka kaɗa ƙuri'ar soke ta. A Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da soke dokar daga Afrilun 2026, shekara tara bayan ta fara aiki, a cikin kasafin da ya ƙara tsawaita daskarar da matakin harajin albashi.